Yadda Aka Tashi Masaukin Marasa Galihu Daga Unguwar Over-the-Rhine

A kusurwar da titin Elm ya haɗu da titi na 12 a birnin Cincinnati da ke jihar Ohio ta Amurka, akwai wani sabon gidan wasan kwaikwayo na ƙungiyar Cincinnati Shakespeare Company da aka buɗe a 2017. Wanda ya fito daga kallo da dare zai ga lambun shaƙatawa na Washington Park a tsallaken titi da fitilunsa da maɓuɓɓugan ruwansa, ya hango katafaren zauren kaɗe-kaɗe na Music Hall da aka gina da jan bulo tun 1878, sannan taragon lantarki ya wuce ta gabansa. Shekara biyu kacal kafin buɗe wannan gidan wasa, ginin da ke tsaye a filin shi ne Drop Inn Center, masaukin marasa matsuguni mafi girma a birnin, inda mutum sama da 200 suke kwana a dare ɗaya, kuma ba a cika mayar da kowa daga bakin ƙofa ba ko da ya zo a buge. A 2015 aka raba masaukin gida biyu, maza aka kai su unguwar Queensgate, mata aka kai su unguwar Mount Auburn, aka kuma sauya masa suna zuwa Shelterhouse. Ba da sojoji ko motar rusau aka yi wannan aiki ba. An yi shi ne da yardar hukumar gudanarwar masaukin, da gudummawar attajirai, da bikin yanke kyalle. Wannan ne ma ya sa lamarin ya cancanci a tsaya a duba shi da kyau, domin tashin da ake yi cikin ladabi ya fi wuyar ganewa fiye da wanda ake yi da ƙarfin tuwo.

Sunan unguwar da masaukin yake, wato Over-the-Rhine, ya samo asali ne daga Jamusawan da suka cika ta a ƙarni na 19. A lokacin akwai wata hanyar ruwa da aka haƙa wadda ta raba unguwar da tsakiyar birni, sai mutane suka riƙa kwatanta ta da kogin Rhine na ƙasarsu, duk wanda ya haye gada aka ce ya tsallaka Rhine. Yau an binne hanyar ruwan, titin Central Parkway ne a kanta. A 1900 mazauna unguwar sun kai kusan 45,000, amma daga baya Jamusawan suka watse zuwa sababbin unguwanni, talakawa farar fata daga yankin tsaunukan Appalachia suka maye gurbinsu, sannan baƙar fata da aka rushe musu gidaje a unguwar West End suka biyo baya. Zuwa ƙidayar 2000 mutanen da suka rage ba su wuce 7,600 ba, kusan kashi uku cikin huɗu baƙar fata ne, gine-gine kimanin 500 kuma sun zama kangaye. Abin da unguwar ba ta rasa ba shi ne kyawun tsofaffin benayenta na jan bulo da kusancinta da cibiyar kasuwancin birni, wato abubuwa biyun da daga baya suka jawo mata idon masu hannu da shuni.

A cikin waɗancan shekaru na koma-baya ne wani matashi mai suna Buddy Gray ya fara shigar da mashaya da ke kwana a titi cikin ɗakinsa na haya don kada sanyi ya kashe su. Daga nan Drop Inn Center ta samo tushe a 1973, kuma a 1978 ta koma ginin da ke titi na 12. Gray bai ɗauki aikinsa a matsayin sadaka kawai ba. Shi da abokan gwagwarmayarsa sun kafa ƙungiyar 'yan haya mai suna ReSTOC, wadda ta riƙa sayen tsofaffin gine-gine tana riƙe su domin talaka ya samu haya mai sauƙi, sun kuma riƙa cika zauren majalisar birni da mutanen masaukin duk ranar da za a yi maganar unguwar. A ganinsu, ranar da masu kuɗi za su dawo tana nan tafe, kuma wanda bai riƙe ƙasa ba ba shi da bakin magana a ranar. A ganin abokan hamayyarsu kuwa, Gray yana tara talauci ne a wuri ɗaya yana hana unguwa motsi, har ta kai ana manna takardun ƙyamarsa a jikin turakun titi. A watan Nuwamba na 1996 wani mutum mai taɓin hankali, wanda Gray ya taɓa taimaka wa, ya harbe shi har lahira a ofishinsa da ke cikin masaukin. Tun kafin rasuwarsa an fara maganar gina makarantar fasaha kusa da Music Hall, an kuma fara raɗe-raɗin cewa masaukin ya tare hanya.

Abin da ya sauya lissafi shi ne tarzomar watan Afrilu na 2001. Wani ɗan sanda ya harbe Timothy Thomas, baƙar fata ɗan shekara 19 wanda ba ya ɗauke da makami, a wani lungu na unguwar, kuma shi ne baƙar fata na 15 da ya mutu a hannun 'yan sandan birnin tun daga 1995. An kwana da yawa ana ƙone-ƙone da fashe-fashe har sai da aka kafa dokar hana fita. Manyan kamfanonin da ke da hedikwata a Cincinnati, irin su Procter & Gamble da Kroger da bankin Fifth Third, suka ga cewa ba za su iya jawo ƙwararrun ma'aikata zuwa birnin da ake tsoron tsakiyarsa ba. A 2003, zamanin magajin gari Charlie Luken, aka kafa wata hukumar raya birni mai zaman kanta da ake kira 3CDC, wadda shugabannin kamfanoni ke zaune a hukumar gudanarwarta, aka kuma ɗauko Stephen Leeper daga Pittsburgh ya shugabance ta a 2004. Dabarar hukumar ita ce ta saye kangaye da filaye da yawa tun suna da arha, ta rufe shagunan giya da ake taruwa a gabansu, sannan ta riƙa gyara layi bayan layi da kuɗin kamfanoni da rangwamen harajin gwamnatin tarayya. Wani abin lura shi ne, dabarar da ReSTOC ta yi amfani da ita ce, wato riƙe ƙasa, sai dai aljihun ya bambanta: jarin da ya bi ta hannun 3CDC a tsakiyar birni da Over-the-Rhine ya zarce dala biliyan ɗaya.

Daga nan aka riƙa kewaye masaukin a hankali. An rushe makarantar firamaren da ke gefen Washington Park. A 2010 aka buɗe sabuwar makarantar fasaha da wasanni a maƙwabtaka da masaukin, nan take maganar tsaron yara ta shiga bakin kowa. A 2012 aka sake buɗe lambun bayan gyaran da ya ci dala miliyan 48, an faɗaɗa shi daga eka 6 zuwa 8, an haƙa masa wurin ajiye motoci 450 a ƙarƙashin ƙasa, an keɓe wa karnuka filin wasa. Wurin ninƙaya da filin ƙwallon kwando da yaran unguwa suka saba da su kuwa ba su dawo ba, duk da cewa mazauna sun roƙa a bar su. Ya kamata a fahimci matsayin wannan lambu a rayuwar mutanen masaukin: shi ne zaurensu. Wanda ya kwana a Drop Inn, da safe a nan yake zama kan benci, a nan coci-coci ke kawo abinci, a nan ake samun labarin inda ake ɗaukar leburori. Ba kuma wuri ne mai aminci ba, domin ana sayar da ƙwaya a cikinsa, kuma a 2010 motar 'yan sanda ta bi ta kan wata mata da ke kwance cikin bargo a kan ciyawa ta kashe ta. Duk wanda ya ce tsohon lambun aljanna ne bai faɗi gaskiya ba, haka ma wanda ya ce an gyara shi ne domin waɗanda ke cikinsa.

A gefen hukuma, majalisar birni ta riga ta nuna alƙiblarta tun 2008, lokacin da ta zartar da ƙudurin cewa bai kamata a tara cibiyoyin jin ƙai a yanki ɗaya ba, ta kuma nemi a tsara sabon shiri kan marasa matsuguni. Shirin da ya fito a 2009 ana kiransa Homeless to Homes, ma'ana daga titi zuwa gida, kuma ƙungiyar da Kevin Finn ke jagoranta, wadda daga baya ta ɗauki sunan Strategies to End Homelessness, ita ce ta riƙe ragamarsa. Hujjar shirin tana da ƙarfi, kuma rashin adalci ne a yi watsi da ita. Tsohon ginin Drop Inn ya yi wa jama'arsa kaɗan, maza da mata suna ƙarƙashin rufi ɗaya, wasu suna kwana a kan katifun da aka shimfiɗa a ƙasa, ga ƙarancin ma'aikatan da za su zauna da mutum su bi masa maganar takardun shaida ko magani ko gidan haya. Shirin ya ce a gina ƙananan masaukai guda biyar, kowane da irin mutanensa, a riƙa barin mutane a ciki da rana, a ba su abinci sau uku, a kawo asibiti cikin ginin. An tara kimanin dala miliyan 42 domin wannan aiki, kuma 3CDC ce ta kula da ginin sababbin masaukan Drop Inn.

A nan ne tambayar da ta fi damuna take. Ƙuncin tsohon masaukin ba sabon abu ba ne, an shekara fiye da talatin ana ganinsa, kuma attajiran birnin suna wucewa ta gabansa duk daren da za su je sauraron kiɗa a Music Hall. Kuɗin inganta shi bai fito ba sai a lokacin da aka bukaci filin da yake kai, kuma da ya fito, ya zo ne ɗaure da sharaɗin tashi. Hukumar masaukin ta daɗe tana cewa ba za ta motsa ba sai an nuna mata abin da ya fi wanda take da shi, kuma a ƙarshe an nuna mata. Amma zaɓin da aka ajiye a gabanta shi ne ko dai sabon gini a wata unguwa ko kuma tsohon gini a inda take, ba tare da tallafin masu bayarwa ba. Zaɓi na uku, wato sabon gini a nan inda take, bai samu mai ɗaukar nauyinsa ba. Ƙungiyar kare marasa matsuguni ta yankin Cincinnati, wadda Josh Spring ke shugabanta, ta yi ta nanata wannan batu, amma masu aikin jin ƙai da yawa sun ga cewa tsuntsun da ke hannu ya fi wanda ke kan bishiya, kuma da wuya a ga laifinsu.

A watan Yuni na 2015 aka buɗe masaukin mata mai gado 60 a titin Reading, aka sa masa sunan Esther Marie Hatton. A watan Oktoba aka buɗe na maza mai gado 150 a titin Gest, cikin wani tsohon gidan burodi da aka gyara, da sunan David da Rebecca Barron. A shekarar ce kuma City Gospel Mission, wadda ta daɗe a titin Elm dab da Music Hall, ta koma titin Dalton a Queensgate, bayan ta sha fama da ƙarar da 'yan kasuwar yankin suka shigar don hana ta zuwa. Wannan ƙara tana nuna wani ɓangare na matsalar da ba a cika faɗa ba: unguwar da ta yi tsada tana tura masauki waje, unguwar da aka tura shi kuma tana rufe ƙofa, don haka wurin da ake ƙarewa shi ne inda babu mazaunan da za su yi ƙorafi.

Tsakanin tsohon wurin da titin Gest bai fi kimanin mil ɗaya ba, wanda a idon mai mota ba komai ba ne. Sai dai a ɗauki misalin dattijo mai ciwon suga da kumburin ƙafa, wanda duk dukiyarsa tana cikin jaka biyu. A titi na 12, idan ya fito ƙofa yana cikin mutane: ga lambu, ga gidan cin abinci kyauta na Our Daily Bread kusa da kasuwar Findlay, ga rumbun rabon abinci a titin Liberty, ga babban ɗakin karatu na birni inda zai ji ɗumi ya yi amfani da kwamfuta, ga gidajen abincin da ke neman mai wanke kwanuka. A titin Gest kuwa, idan ya fito sai ya tarar da ɗakunan ajiyar kaya da filayen ajiye motoci da gadojin sama na babbar hanyar I-75, kuma duk inda zai je sai ya ratsa wannan fili da ƙafa, a garin da ƙanƙara ke zuba a lokacin sanyi. Gadonsa ya fi na da kyau, bandakinsa ya fi tsabta, likita yana kusa da shi, waɗannan duka gaskiya ne. Abin da ya rasa shi ne zama cikin gari, inda ake ganinsa kullum, inda ɗan majalisa da mai kanti da ɗan kallo dole su haɗa ido da shi. Wanda ya taɓa ganin an tashi kasuwa ko tashar mota an kai ta bayan gari da alkawarin sababbin rumfuna ya san cewa rumfa daban, ciniki daban.

Ba Drop Inn kaɗai abin ya shafa ba, kuma labarin Anna Louise Inn ya fi fito da shi fili domin babu rufa-rufa a cikinsa. Gida ne na mata masu ƙaramin ƙarfi da aka buɗe a 1909 a gefen lambun Lytle da ke tsakiyar birni, da gudummawar Charles P. Taft, wanda ya sa masa sunan 'yarsa. Ƙungiyar Cincinnati Union Bethel da ke tafiyar da shi ta samu kimanin dala miliyan 13 don ta gyara ginin a inda yake, wato ainihin zaɓi na ukun da Drop Inn ba ta samu ba. Sai kamfanin inshora na Western & Southern, wanda ya mallaki gine-gine da yawa a kewayen lambun, ya shigar da ƙara a 2011 yana ƙalubalantar izinin aikin. Shari'ar ta riƙa jan ƙafa, kuɗin lauyoyi na ƙaruwa, wa'adin tallafin gyara na ƙaratowa, har a 2013 ƙungiyar ta sallama ta sayar da ginin kan dala miliyan 4. Matan sun koma sabon gini a Mount Auburn a 2015, tsohon gidansu kuma ya zama otal na alfarma da aka buɗe a 2020. Haka ma benen Metropole da ke titin Walnut, mai ɗakunan haya sama da 200 na masu ƙaramin ƙarfi, 3CDC ta saye shi a 2009, ya zama otal a 2012.

Masu goyon bayan wannan sauyi suna yawan cewa ba a kori kowa ba, tunda kangaye aka gyara. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin yawancin abin da 3CDC ta fara saye babu kowa a ciki. Amma wani bincike da cibiyar Community Building Institute ta jami'ar Xavier ta yi ya nuna cewa gidajen da mafi talaucin mazauna za su iya biyan hayarsu a unguwar sun ragu daga 3,235 a 2002 zuwa 869 a 2015, ragin kashi 73 cikin ɗari. Wani ɓangare na wannan ragi ya fito ne daga durƙushewar wani babban mai gidajen haya da ke karɓar tallafin gwamnati a farkon shekarun 2000, wani ɓangaren kuma daga tashin farashi bayan an fara gyara. Ko ta ina aka duba, sakamakon ga mai neman fita daga masauki ɗaya ne. Shirin da sunansa ya yi alkawarin kai mutum daga titi zuwa gida ya zo daidai lokacin da gidajen da zai iya shiga suke ɓacewa daga unguwar da ya sani. Ƙidayar 2020 ta tabbatar da abin da ido ke gani: baƙar fata sun ragu ƙwarai a Over-the-Rhine, farar fata masu samun kuɗi sun ƙaru.

Duk da haka ba a share unguwar tas ba, kuma dalilin abin koyi ne ga mai nazari. Cibiyoyin da suka tsira su ne waɗanda suka mallaki gine-ginensu kuma aikinsu na zama ne na dindindin. ReSTOC ta haɗe da wata ƙungiya a 2006 suka zama Over-the-Rhine Community Housing, wadda har yanzu take riƙe da ɗaruruwan ɗakunan haya masu sauƙi a tsakiyar layukan da suka yi tsada, ciki har da gidan Jimmy Heath mai ɗaki 25 na mutanen da suka daɗe a titi suna fama da shaye-shaye. Tender Mercies, mai ba masu taɓin hankali mazauni, tana nan a titi na 12. Kangayen da aka zargi Buddy Gray da tarawa don hana ci gaba su ne suka zama kusan wurin ƙarshe da talaka ke iya kwana a unguwar da sunan ɗan haya. Abin da aka tura waje shi ne wanda ke jawo layin mutane a bakin titi, wato wanda ake gani.

Bayan an buɗe taragon lantarki a 2016, aka kammala gyaran Music Hall a 2017 kan kusan dala miliyan 143, sai matsalar ta ɓullo ta wata kafa. A bazarar 2018 tantunan marasa matsuguni suka bayyana a titi na 3 da wasu wurare a tsakiyar birni, kuma da yawa daga masu tantunan suna cewa ko dai masaukai sun cika ko kuma ba za su iya bin ƙa'idojinsu ba, musamman ma'aurata da ba sa son a raba su. Duk inda aka tashe su sai su koma gaba kaɗan, har mai gabatar da ƙara na gundumar Hamilton, Joe Deters, ya garzaya kotu, alƙali Robert Ruehlman kuma ya riƙa faɗaɗa umarninsa har ya haramta kafa irin waɗannan sansanoni a faɗin gundumar baki ɗaya, bisa hujjar cewa akwai gado a masaukai. Sababbin gine-ginen da aka yi don jin ƙai sun zama hujjar shari'a ta hana zama a ko'ina in ba a cikinsu ba.

Ita kanta Queensgate tana da tarihin da bai kamata a tsallake ba. Kafin ta zama yankin masana'antu, sunanta Kenyon-Barr, kuma ita ce zuciyar unguwar baƙar fata ta West End, da coci-cocinta da shagunanta da makarantunta. Daga ƙarshen shekarun 1950 hukumar birni ta rushe ta domin babbar hanya da filayen masana'antu, aka tashi mutum sama da 25,000, kusan dukansu baƙar fata, kuma wasu daga cikinsu Over-the-Rhine suka koma. A 2023 majalisar birnin Cincinnati ta nemi afuwa a hukumance kan wannan rusau, shekara takwas bayan an buɗe masaukin maza a titin Gest.